Mai bi da sujada: baki ya saba, zuciya ta yi nisa, ya sauka ko ya ci gaba?

Mai Jitar Matasa:
Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Ina so mu tattauna wata magana da ta shafi duk mai tsayawa a gaban jama'a ranar Lahadi, ko mai bi da sujada ne, ko mai ba da waƙa, ko mu makaɗa. Wanda ya daɗe cikin wannan hidima ya san akwai ranar da baki yake rera waƙa daidai, hannu ya bi wayoyin jita babu kuskure, amma zuciya tana can tana lissafin kuɗin haya. Jama'a ba su sani ba, har a tashi a ce maka sujadar yau ta yi albarka. Ishaya 29:13, wadda Yesu ya maimaita a Matiyu 15:8, ta yi magana a kan mutanen da suke girmama Allah da leɓunansu alhali zuciyarsu tana nesa da shi. Wanda ya sami kansa a haka, ya sauka ya ba wani wuri har zuciyarsa ta dawo, ko kuwa ya ci gaba? A ganina ya kamata ya sauka, domin gara kujera ta zauna babu kowa da a miƙa wa Allah abin da ba daga zuciya ya fito ba.

Tsohon Dattijo:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka kawo wannan magana a fili, amma ban yarda da hukuncin da ka yanke ba. Ka duba yadda aka tsara hidimar waƙa a zamanin Dawuda. A 1 Tarihi sura 25, mawaƙa 288 ne aka horar a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun, aka raba su ƙungiya 24, kowace ƙungiya mutum 12, aka kuma jefa ƙuri'a a kan aikinsu, babba da yaro, malami da almajiri. A sura 23 aya 30 an umarci Lawiyawa su tsaya kowace safiya su yi godiya da yabo, haka kuma da maraice. Babu inda aka ce wanda ya tashi da nauyin zuciya ya zauna a gida ran nan.

Ka tuna da Zakariya mahaifin Yahaya Mai Baftisma. Tsoho ne, ba shi da ɗa, ya shiga Haikali ƙona turare ne domin lokacin ƙungiyarsa ya zagayo kuma ƙuri'a ta faɗa a kansa bisa ga al'adar firistoci. A cikin wannan aiki na jadawali ne mala'ika Jibra'ilu ya same shi. Luka 4:16 ta ce Ubangijinmu ya shiga majami'a ran Asabar kamar yadda ya saba. Daniyel ma, da aka kafa doka a kansa, bai ƙago wata sabuwar ibada ba, sau ukun da ya saba durƙusawa a rana shi ya ci gaba da yi. Saboda haka ban ga dalilin da za a mai da sabo abokin gāban gaskiya ba.

Malamar Kwaya:
Baba, na gode da wannan koyarwa, amma ka yi mini haƙuri in ƙara ɗaya gefen, domin tsoro nake ji kada malalata su ɗauki maganarka su yi mayafi da ita. Firistocin da Malakai ya tsawata wa su ma jadawali suke bi. Laifinsu shi ne suna cewa aikin ya gundure su, suna kawo guragu da marasa lafiyan dabbobi a kan bagade, har Allah ya ce a Malakai 1:10 da ma wani ya rufe ƙofofin Haikalin. A Amos 5:23 kuma cewa ya yi a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu. Wannan yana nufin akwai sujadar da Allah ya fi son a daina ta.

Mu faɗi gaskiya game da abin da muke gani a majami'unmu. Mai bi da sujada yakan iso bayan an buga ƙararrawa, ya buɗe Littafin Waƙoƙi a tsaye yana neman lamba jama'a suna jiransa, ya faɗa a kan waƙoƙi biyar ko shida da ba ya wuce su duk shekara. Sai ya ce a rera baiti na ɗaya da na biyu da na ƙarshe, bai ko karanta na ukun ba balle ya ga cewa ma'anar waƙar duka a can take. Addu'ar buɗewa kuwa, yaran makarantar Lahadi suna iya ƙarasa masa ita kalma bayan kalma. Hausawa suka ce sabo turken wawa. Irin wannan sabon ne ɗan'uwanmu yake gudu, ni kuma ina ganin ya yi daidai da yake gudunsa.

Ɗalibin Tauhidi:
Ina ganin tambayoyi biyu ne suka haɗu a nan, ya kamata a raba su. Ta farko ita ce ko sanyin zuciyar shugaba yana lalata sujadar jama'a. Ikilisiya ta daɗe da fuskantar wannan. Bayan tsanantawar da Sarkin Roma Diyokiletiyan ya fara a shekara ta 303, Kiristocin Afirka ta Arewa sun rabu a kan shugabannin da suka miƙa Littattafai Masu Tsarki ga hukuma don tsoro. Mabiyan wani bishop mai suna Donatus suka ce baftismar da irin waɗannan suka yi ba ta da amfani. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya amsa cewa Almasihu ne mai yin baftisma, mai hidima hannu ne kawai. 'Yan'uwanmu Angilikan sun riƙe wannan a sharaɗi na 26 cikin sharuɗɗan bangaskiyarsu 39, cewa rashin cancantar mai hidima ba ya hana aikin alherin Allah. Bulus ma a Filibiyawa 1:15-18 ya yi murna da ana shelar Almasihu, ko da waɗansu saboda kishi suke yi.

Amma wannan ta'aziyya ce ga mazauna kujera, ba ga mai tsayawa a gaba ba. Tsohuwar da ta rera waƙa da dukan zuciyarta ta yi sujada karɓaɓɓiya ko da mai ba da waƙar yana tunanin kasuwa. Shi kuwa zai ba da lissafin kansa. Tambaya ta biyu ke nan, ita ce kuma mai wuya.

Mai Jitar Matasa:
To, a nan ne nake tsaye, ɗan'uwa. A sujadar matasa ana so ka kama makirfo ka ce, "Ina jin farin ciki a zuciyata yau, wa yake ji kamar ni?" Idan ba na jin farin cikin, me na yi in ba ƙarya ba? Kuma ƙarya a gaban bagade.

Rabaran Mai Ritaya:
Ɗana, yanzu ka kai mu inda ciwon yake. Wa ya ce dole sai ka faɗi haka? Babu ayar da ta umarci mai bi da sujada ya sanar da jama'a halin da zuciyarsa take ciki. Aikinsa shi ne ya sanar da su halin Allah. Idan ka tsaya ka ce Ubangiji nagari ne, ƙaunarsa madawwamiya ce, ka faɗi gaskiya ko kana cikin murna ko a makon ka binne mahaifinka. Zabura 136 ta maimaita cewa ƙaunarsa madawwamiya ce a ayoyinta 26 duka, ba ta kuwa dogara ga yadda mai rera ta ya kwana ba. Amma idan ka ce kana jin wuta a ƙasusuwanka alhali ba ka ji, ko ka karya murya kamar mai kuka domin ka san a wannan gaɓar ce jama'a sukan yi hawaye, to, ka bar sabo ka shiga riya. Abin da Yesu ya tsananta wa Farisiyawa a kai ke nan, yin abu domin mutane su gani.

Na yi hidima a ikilisiyoyin ƙauye da na birni, abin da na lura kuma shi ne salon da matasanmu suke kira na 'yanci shi ma yana da tsarinsa, sai dai ba a rubuta shi a takarda ba. Ana farawa da waƙoƙi masu sauri, a bi da masu sanyi, mai kibod ya riƙe sauti ɗaya a ƙarƙashin addu'a, shugaba ya ce a ɗaga hannu, ya ce kowa ya buɗe bakinsa ya yi magana da Ubansa, a maimaita amshi har sai murya ta dushe. Kowace Lahadi haka ake yi, a jere ɗaya. Ban ce laifi ba ne. Abin da nake cewa shi ne wanda ya guje wa tsarin dattawa saboda wai al'ada ce, wata al'adar ya shiga, wadda ta fi nauyi a kan shugaba, domin ita tana bukatar ya nuna zafin zuciya kowane mako ko yana da shi ko ba shi da shi. Tsohon tsari bai ɗora wa mutum wannan kaya ba. Ka kira lambar waƙa, ka karanta Zabura, ku yi Addu'ar Ubangiji tare, ba wanda ya tambaye ka fuskarka.

Sa'an nan ka duba littafin waƙoƙin da Allah da kansa ya ba jama'arsa. Marubucin Zabura 42 mai bi da sujada ne, yana tuna lokacin da yake jan taro zuwa ɗakin Allah da sowa, yanzu kuwa yana tambayar ransa dalilin da ya karai. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu ko aya ɗaya ta murna a ƙarshenta, amma an miƙa ta ga shugaban mawaƙa domin a rera. Yaushe rabon da a rera irin wannan a majami'unmu? Mun cire makoki daga sujada, sa'an nan muna mamakin yadda shugabanninmu suka koyi murmushin da bai kai ciki ba.

Ɗan Band:
Baba Rabaran, da girmamawa, ina jin an fara ɗora wa ɓangarenmu laifin da ba namu kaɗai ba ne. Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, matarsa Mikal ce ta leƙa ta taga ta rena shi, mun kuma san wanda Allah ya goyi bayansa a 2 Sama'ila sura 6. Ɗaga hannu da sowa da tafi duk suna cikin Zabura. Sau da yawa nakan hau wurin kiɗa jikina a mace, amma kafin waƙa ta uku maganar da nake rerawa ta kama ni da gaske. Da na zauna ina jiran zuciya ta fara motsi kafin jiki, da ban sami wannan ba. A ɗaya gefen kuma, na sha ganin ana karanta Shaidar Bangaskiya mutane suna hamma. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Rabaran Mai Ritaya:
Ɗana, abin da ka faɗa game da waƙa ta uku ya ƙarfafa maganar Baba Dattijo ne, domin sabo ne ya kai ka wurin kafin zuciya ta biyo. Ban hana rawa ba, na yi ta a bikin godiyar kaka fiye da yadda gwiwoyina suke so. Amma karin maganar da ka kawo, a wannan wuri kam ban karɓe ta ba. An gaya wa Sama'ila cewa mutum yana duban fuska, Ubangiji kuwa zuciya yake dubawa. Eli ya dubi leɓunan Hannatu ya ce ta bugu, alhali ita ce ta fi kowa yin addu'a ta gaskiya a Shilo ran nan. Mai hamma mai yiwuwa gadi ya kwana yi, ya zo sujada kai tsaye daga wurin aiki.

Maman Zumunta:
'Ya'yana, ni ba mai dogon karatu ba ce, amma bari in faɗi abin da na gani da idona. Lokacin da Mubi ta faɗi a hannun Boko Haram a ƙarshen watan Oktoba na 2014, har da hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) a Kwarhi, mutane sun watse zuwa Yola da Jos da cikin Kamaru, da yawa ba su ɗauki ko Littafi Mai Tsarki ba. Mu matan da muka sami kanmu a wuri ɗaya, babu tulun kiɗa, babu kacau-kacau, babu littafi. Wadda ta ba da waƙa a sujadarmu ta farko ba ta san inda mijinta yake ba. Ba na tsammanin akwai wani daɗi a zuciyarta a wannan safiya. Ta buɗe baki, waƙoƙin da muka yi shekaru muna maimaitawa ran zumunta suka fito da kansu, mu kuma muka amsa, domin suna cikin bakinmu tun muna 'yan mata. Da a ce ta bi shawarar ɗanmu mai jita ta zauna har zuciyarta ta dawo, da ba mu yi sujada ba wata da watanni. Kada ku rena abin da aka haddace. Ranar da mutum ba shi da kalmar kansa, ita ce take riƙe shi.

Mai Jitar Matasa:
Mama, wannan magana ta shige ni, na gode. Sai dai ina ganin akwai bambanci tsakanin zuciyar da baƙin ciki ya danne da zuciyar da ta yi sanyi kawai. Wannan baiwar Allah tana neman Ubangiji cikin hawaye. Wanda nake magana a kansa ba ya neman kome, ya iya aikin ne kurum.

Malamar Kwaya:
Bambancin gaskiya ne, akwai kuma alamun da ake gane shi ba sai an buɗe ƙirjin kowa ba. Ku dubi abin da mutum yake yi sa'ad da makirfo ba ya hannunsa. Makaɗan da suke sa jama'a kuka, da zarar mai wa'azi ya hau sai su sulale waje su zauna a gindin bishiya suna duba waya, ba su dawowa sai lokacin baiko. Akwai wanda ba a ganinsa a addu'ar safe ko nazarin Littafi na tsakiyar mako, kuma duk Lahadin da ba shi ne a jadawali ba, ba ya zuwa. Wanda ba ya iya yin sujada a ƙarƙashin jagorancin wani, ina shakkar abin da yake yi sa'ad da shi ne a gaba.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba ma son taɓawa. A birane yanzu za ka ga mai kibod ɗaya yana kiɗa a majami'u biyu ko uku a Lahadi guda, yana duba agogo domin ya kama ta gaba. Ban ce kada a taimaki makaɗa ba. Nehemiya 13:10 ta nuna cewa da aka daina ba Lawiyawa da mawaƙa rabonsu, gonakinsu suka koma, Nehemiya kuwa shugabanni ya tsawata wa. Amma ikilisiyar da ta ɗauki makaɗi haya ba ta san inda yake kwana ba, ba ta san ko an yi masa baftisma ba, ita ce ta koya masa cewa sujada sana'a ce.

Tsohon Dattijo:
'Yata, na yarda da ke ɗari bisa ɗari a wannan. Bari in faɗi inda ni ma zan ce mutum ya sauka. Idan yana zaune cikin zunubin da ya ƙi tuba daga gare shi, ya sauka, kada ya jira majalisar dattawa ta sa shi a horo. Idan yana gāba da ɗan'uwa, Matiyu 5:23-24 ta ce ya bar baikonsa a gaban bagade ya je su shirya tukuna, ban kuwa ga abin da ya cire mai waƙa daga wannan umarni ba. Idan ya daina gaskata abin da yake rerawa, ya je wurin fastonsa ya faɗa. Amma bushewar zuciya kawai, wadda mai ita yake baƙin ciki da ita, ba dalilin sauka ba ce. Ku kuma tuna da ƙananan ikilisiyoyin ƙauye inda mutum ɗaya ne ya iya karatu sosai, shi ne mai bi da sujada, shi ne mai karanta sanarwa. In ya sauka, wa zai hau?

Ɗalibin Tauhidi:
Akwai misali a tarihi da ya yi kama da tambayar ɗan'uwanmu. A watan Maris na 1738 John Wesley, wanda daga baya ya kafa Methodist, ya ga cewa ba shi da bangaskiyar da yake wa'azinta, ya yi niyyar daina wa'azi. Abokinsa Peter Böhler ya shawarce shi ya ci gaba da wa'azin bangaskiya har ya same ta. Ya ci gaba, a ranar 24 ga Mayu na shekarar kuma, a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ya sami tabbacin da yake nema. Tun a ƙarni na shida ma, Benedik ya tsara wa masu zaman ibada a Italiya su rera Zabura 150 duka kowane mako, amma ya gargaɗe su cewa hankali ya tafi tare da murya. Wato bai rage maimaitawa ba, ya ƙara mata kulawa ne, daidai da 1 Korintiyawa 14:15.

Rabaran Mai Ritaya:
Misalin yana da kyau, amma a lura da abin da Wesley ya fara yi: ya gaya wa wani. Bai ci gaba shi kaɗai yana ɓoye halinsa ba. Wannan ne muke rasawa. Mai bi da sujada yakan yi shekara cikin bushewa fastonsa bai sani ba, domin yana tsoron a ce ya ja da baya a ruhaniya a karɓe makirfo. Mu fastoci kuma ba ma tambaya muddin kiɗa yana tafiya daidai.

Mai Jitar Matasa:
Iyayena, na karɓi yawancin abin da kuka faɗa, musamman cewa ba dole ne in furta abin da ba na ji ba. Amma har yanzu ina riƙe da cewa akwai lokacin da hutu yake da amfani ko babu zunubi. Mutumin da ya yi shekaru bai taɓa zama a kujera ya ji wani yana ba da waƙa ba, ta yaya zai gane ko Allah yake ƙauna ko tsayawa a gaba? Baba Dattijo da kansa ya ce ƙungiya 24 ce, wato kowa yana da lokacin da ba shi ne a kan aiki ba.

Malamar Kwaya:
A wannan ina bayanka, ɗan'uwa, kuma abu ne da za a iya yi. A wurinmu masu ba da waƙa huɗu ne, amma biyu ne suke ɗauke da kusan kowace Lahadi saboda muryarsu ta fi daɗi. Zan kai wa kwamiti shawarar a raba makonni daidai, wanda ba shi ne a jadawali ba ya zauna cikin jama'a daga farko har albarka, a kuma miƙa lambobin waƙa tun ranar koyon waƙa domin a karanta baitocin duka a ga ko sun dace da nassin wa'azi. Baba Rabaran, ina roƙo ka turo mana jerin Zaburar makoki da kake ganin za su hau muryoyin da kwaya ta riga ta sani, ina so mu fara gwada Zabura 42 kafin Makon Shan Wuya.